Aikin balan-balan ga masu akalashiya a Kaduna: ya yi mini, amma ba kowa zai yi wa ba

Tun da labari ya zaga ɗakin malamai a makarantar da nake koyarwa cewa an yi mini aikin balan-balan, wato hura balan-balan a buɗe ƙofar ciki da ta hana abinci wucewa, har na koma cin tuwo, wayata ba ta huta ba. Wannan ƙanwarta ce abinci ke tsaya wa a ƙirji, wancan surukinsa ne, kowa kuma so yake in ce masa "kai shi can, zai warke". Ba zan iya faɗin haka ba. Abin da zan iya faɗi shi ne, asibitin kuɗin da ya yi mini aikin a nan cikin garin Kaduna yana da likitan da ya san hannunsa, yana kuma da ofishin karɓar kuɗi da ya kusa sa ni hawan jini. Shi kansa aikin, akwai waɗanda yake riƙewa shekaru, akwai waɗanda hutun 'yan watanni kawai yake ba su, kuma ana iya hasashen inda mutum ya fi karkata tun bai zuba kuɗinsa ba. Ba zan kama sunan asibitin ba, tunda akwai ƙorafi a maganata.

Sunan ciwon akalashiya. Bai yawaita ba, a lissafin likitoci kusan mutum 1 cikin 100,000 ne ke kamuwa da shi a shekara, shi ya sa ma'aikatan lafiya da yawa ba sa saurin kawo shi a ransu. A ƙarshen bututun da abinci ke bi daga maƙoshi zuwa ciki akwai wata tsoka mai zagaye, ita ce ƙofar cikin. Mai lafiya yana haɗiye loma sai ƙofar ta saki, bututun ya matso abincin ƙasa, ya wuce, ta koma ta rufe. A jikin mai akalashiya jijiyoyin da ke ba tsokar umarnin saki ne suka lalace. Ƙofa ba ta buɗuwa yadda ya kamata, shi ma bututun ya daina aikin matsowa, abinci sai ya taru a sama kamar buhun gero da aka kifa bakinsa ƙasa ba a kwance igiyar ba.

Ni shekaru na yi ana ba ni maganin olsa. Babu kemis ɗin da ban leƙa ba a Tudun Wada. Gwaggona ta rantse sammu ne, aka kawo rubutu, aka yi tofi, na sha abin da ya iya shiga. Addu'a kam har gobe ina yi. Amma ramar da nake yi ta kai har a wurin biki mata suna kallona suna magana ƙasa-ƙasa, kuma kowa ya san irin ciwon da ake zargin mace da shi idan ta rame haka babu dalili. Na daina cin abinci a gaban mutane. A gida ma a tsaye nake ci, loma ɗaya, kurɓin ruwa, in miƙe wuya, in zagaya ɗaki. Da dare abin ya fi muni, domin abin da na ci da magariba yakan dawo mini a baki ina barci, in farka da tari, matashi a jiƙe. Maigida ne ya gaji ya ce mu bar kemis haka nan mu nemi likitan ciki na musamman.

Abin da ya fara burge ni da likitan nan shi ne tambayoyinsa. Bai taɓa takarda ba sai da ya ce, "Malama, idan kin sha ruwa zalla, yana wucewa?" Na ce shi ma tsayawa yake. Ya ce, "Abin da ke dawo miki da dare, da tsami yake dawowa ko yadda kika ci shi?" Na ce yadda na ci shi, har ƙwayar shinkafa ina gani. Ya gyaɗa kai ya ce mai olsa ba haka yake ba. Abincin da bai isa ciki ba ai ba zai yi tsami ba. A duk tsawon shekarun nan babu wanda ya taɓa yi mini waɗannan tambayoyi biyu.

Daga nan ya ɗauko wani ma'auni da suke kira ma'aunin Eckardt. Abubuwa huɗu ake dubawa: wahalar haɗiya, dawowar abinci, ciwon ƙirji, da rama. Kowanne ana ba shi maki daga 0 zuwa 3, jimla 12. Nawa ya tashi 8. Ya rubuta a katina ya ce in riƙe lambar, domin ba za a ce aiki ya yi ba sai ta sauko 3 ko ƙasa da haka. Na ji daɗin wannan, saboda ya ba ni abin da ni da kaina zan iya auna shi da shi.

Gwaji uku ya sa aka yi. Na farko hoton eksire da ake ɗauka bayan an sha wani farin ruwa mai kauri, bariyom. A hoton nawa bututun ya buɗe daga sama, ya tsuke a ƙasa ya yi tsini, abin da likitoci ke cewa bakin tsuntsu. Na biyu awon kyamara, wadda ake zura ta baki har ciki. Ya gaya mini dalili kai tsaye: mace da ta haura hamsin, ga rama, dole a tabbatar ba ƙari ne na kansa ya toshe wurin ba, domin kansar ƙofar ciki takan zo da kamannin akalashiya sak. Ya ce duk wanda zai hura wa mutum balan-balan bai fara leƙawa da kyamara ba, a guje shi. Alhamdu lillahi, babu ƙari.

Na uku ne ya jawo gardama tsakaninmu. Sunansa manometiri, awon ƙarfin matsin bututun, kuma ba su da na'urar. Ya rubuta mini takarda zuwa wani asibiti a Abuja. Na ce, "Likita, ka ga hoto, ka leƙa da kyamara, ka ce ciwon ke nan. To tafiyar Abuja ta mece ce kuma?" Ya ce, "Malama, na san sunan ciwonki, amma ban san nau'insa ba. Nau'in ne zai gaya mini ko in karɓi kuɗinki ko in tura ki wurin masu tiyata." Haka na hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu ina ƙunƙuni. Awon babu daɗi ko kaɗan. Siririyar roba ake zurawa ta hanci, mutum a farke, a riƙa ba shi ruwa kaɗan-kaɗan yana haɗiyewa har sau 10, na'ura tana zana launuka a allon kwamfuta. Hawaye sai da suka zubo mini, amma ba a jima ba aka gama.

A nan ne zan daɗe, domin nan ne amsar masu kirana a waya take. Bisa tsarin da likitoci suka sa wa sunan birnin Shikago na Amurka, akalashiya nau'i uku ce. A nau'i na 1 bututun ya saki gaba ɗaya, babu wani motsi a cikinsa. A nau'i na 2 babu matsawar nan mai gangarowa daki-daki, amma idan an haɗiye duk bututun yana ɗaukar matsi lokaci guda daga sama har ƙasa, wato da sauran ƙarfi a jikinsa. A nau'i na 3 ƙasan bututun murɗawa yake da ƙarfi ba bisa ƙa'ida ba, kuma masu shi sun fi kuka da ciwon ƙirji. Balan-balan ƙofar kaɗai yake buɗewa. Mai nau'i na 2 da an buɗe masa ƙofa, matsin da ya rage zai tura abinci ya wuce. Mai nau'i na 3 kuwa ko an buɗe ƙofar, murɗawar tana nan a samanta inda balan-balan bai taɓa ba.

'Yata da ke karatun aikin jinya ta nemo mini alƙaluman da likitan ya ambata, ta zauna ta fassara mini. Akwai wani babban bincike da aka yi a ƙasashe 5 na Turai kan marasa lafiya 201, aka wallafa a 2011, inda aka raba su, wasu balan-balan wasu tiyata. Bayan shekara 2, kashi 86 cikin 100 na masu balan-balan suna lafiya, masu tiyata kashi 90. Bayan shekara 5 ya zama 82 da 84, wato kusan kunnen doki, sai dai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu balan-balan sai da aka sake hura musu a tsakani. Da aka koma aka rarraba mutanen nan bisa nau'in ciwonsu, a rahoton 2013, sai bambanci ya fito fili. Masu nau'i na 2 da aka yi wa balan-balan dukansu sun samu sauƙi a shekara 2. Masu nau'i na 3 kuwa kashi 40 ne kawai, alhali tiyata ta yi wa kashi 86 na irinsu aiki, duk da cewa yawansu a binciken kaɗan ne. Takardata ta Abuja ta dawo da nau'i na 2.

Bayan nau'i sai shekaru. Wannan ya ba ni mamaki, domin a yawancin cututtuka yaro ne ke da galaba. A nan akasin haka ne. Wanda ya haura 40 ya fi samun sauƙi mai ɗorewa, wanda bai kai ba ya fi yawan dawowa. Mata kuma sun fi maza dacewa da shi. Wanda aikin ya fi ba wa kunya shi ne saurayi, namiji mai ƙananan shekaru, kuma ana jin ƙarfin tsokarsa ne ke sa ta sake ɗaurewa. Akwai kuma yanayin bututun kansa. Idan ciwo ya daɗe ƙwarai har bututun ya buɗe ya lanƙwashe, buɗe ƙofa ba ya wadatarwa, domin abinci zai kwanta a lanƙwasar. Nawa ya buɗe amma bai lanƙwashe ba. Likita ya lissafa da yatsunsa, nau'i na 2, mace, sama da hamsin, bututu a miƙe, ya ce, "Ke kam irin wadda aka yi aikin nan dominta ce." Ya ƙara da cewa hasashe ne, ba alƙawari ba.

Na ga ɗaya ɓangaren da idona a ɗakin jira. Wani matashi ne da ba zai wuce ashirin da 'yan kai ba, dogo, duk ƙasusuwan wuyansa a waje, tare da mahaifiyarsa daga Rigasa. Hira ta haɗa mu da ita. Ta ce an yi masa balan-balan a nan ɗin, ƙarami da babba, ya murmure har ya koma makaranta, kafin shekara ta zagayo abin ya dawo. Na tambaye ta ko likitan bai gaya musu ba. Ta ce, "Wallahi Hajiya ya faɗa. Tun ranar farko ya ce yaron nan tiyata ta fi dacewa da shi. Babansa ne ya ce ba za a sa wa ɗansa wuƙa ba." Ranar takardar turawa wurin masu tiyata suka zo karɓa. Yaron ya ce mini, "Mama, ke dai Allah Ya sa ki dace." Ban ga laifin mahaifin ba, tsoron tiyata kowa na da shi. Amma kuɗin balan-balan sun tafi, ga na tiyata yanzu a gaba. Wannan hira ce ta sa na ƙara yarda da likitan, domin da mai neman kuɗi ne kawai da ya karɓa ya hura na uku.

Shirin aikin: kwana biyu babu abinci mai tauri, sai kunu mai ruwa da shayi da romo, sannan daga dare babu komai. Dalili shi ne bututun mai akalashiya yakan riƙe tsohon abinci, idan aka yi allurar barci yana iya komawa huhu. A nan ƙorafina na farko yake. An ce in zo da sassafe, na zo, amma likitan yana da aiki a wani asibitin gwamnati da safe, bai iso ba sai bayan azahar. Kowa ya san haka likitocinmu ke raba kansu, ban ce kada ya yi ba. Amma mutumin da ya kwana biyu kan kunu, aka hana shi ko kurɓin ruwa, bai kamata a ajiye shi kan benci tun safe ba. A gaya masa gaskiyar lokaci ya zauna a gida. Wata sista mai kirki ce ta ga ina neman faɗuwa ta sa mini ƙarin ruwa.

Kafin a shiga ya zaunar da ni da maigida ya yi mana bayanin haɗarin da ya fi kowanne, wato fashewar bututun. Aikin nan ba lallashin tsoka ba ne, yaga zarurrukanta ake yi da gangan, kuma wani lokaci yagewar takan zarce ta huda bangon. A yawancin rahotanni abin yana faruwa ga kusan mutum 2 cikin 100, a binciken Turai da na ambata ya kai 4 cikin 100. Maigida ya yi tambayar da nake so kowa ya yi: "Likita, idan hakan ta faru, wa zai ɗinke?" Ya ce akwai likitan tiyata da suke aiki tare, an sanar da shi, kuma ba ya hura wa mutumin da jikinsa ba zai iya ɗaukar tiyatar gaggawa ba. Wurin da ba su da amsar wannan tambaya, kada a kwanta musu.

Ya nuna mana balan-balan ɗin a cikin ledarsa ba a buɗe ba, samfurin Rigiflex. Girma uku ake yi, milimita 30, 35 da 40, kuma da ƙarami ake farawa domin ya fi ƙarancin haɗari. Wannan ma abin tambaya ne. Akwai ƙananan balan-balan da ake buɗe wasu nau'o'in tsukewar bututu da su, waɗanda ba sa wuce milimita 20. Waɗannan ba sa wadatar da mai akalashiya, sauƙin ba ya daɗewa. Idan an ce za a yi wa ɗan'uwanka aikin balan-balan, tambayi milimita nawa.

Shi kansa aikin ba ni da labarinsa mai yawa, domin allura ta ɗauke ni. Abin da aka bayyana mini shi ne, ana zura siririyar waya ta baki har ciki, a bi ta kanta da balan-balan, a daidaita tsakiyarsa a kan ƙofar ana kallo a hoton eksire mai motsi. Idan aka fara hura iska za a ga tsakiyar ta shaƙe inda tsokar ta riƙe, a ci gaba da hurawa har shaƙewar ta ɓace, a riƙe daga daƙiƙa 15 zuwa minti ɗaya, a sace iskar. Na farka da zafi a tsakiyar ƙirji. An ajiye ni 'yan sa'o'i ana duba zazzaɓi da bugun zuciya, aka ba ni wani ruwa na sha aka sake ɗaukar hoto don a ga ko akwai yoyo. Babu. Sannan aka miƙo mini kofin ruwa, na kurɓa, na ji sanyinsa ya gangara har ciki ba tare da ya tsaya gaisawa a ƙirji ba. Wutar lantarki ta ɗauke ina kwance a ɗakin hutu, janareta ya tashi nan take, wannan kam na yaba musu.

An sallame ni da gargaɗi: idan ciwon ƙirji ya tsananta maimakon ya ragu, ko zazzaɓi ya zo, ko numfashi ya yi wuya, in dawo ko da tsakar dare ne. Likitan ya ba maigida lambarsa ta kansa. Sai dai duk wannan da baki aka faɗa. Takardar amincewa da ta gargaɗi duk da Turanci suke. Ni na iya karantawa. Tsohuwar da na gani an kawo daga wajen Birnin Gwari dangwala yatsa kawai ta yi. Asibitin da yawancin masu zuwansa Hausa suke ji, fassara shafi biyu ba zai gagare shi ba.

Sai maganar kuɗi, inda raina ya fi ɓaci. Farashin da aka faɗa mana a teburin karɓar baƙi ashe na balan-balan da hannun likita ne kawai. Ranar aiki sai ga kuɗin allurar barci daban, kuɗin ɗakin hoto daban, kuɗin ruwan da aka sha daban, har gadon da na huta a kai. Inshorar lafiyar da nake da ita ta wurin aiki ba ta ɗauki ko sisi ba. Da muka dawo zagaye na biyu farashin balan-balan ya tashi, aka ce dala ce. Wataƙila gaskiya ne, kayan daga waje ake kawo su, amma a rubuta wa mutum jimla tun farko, a kuma gaya masa cewa da yawa sai an yi musu zagaye biyu, don ya san adashi nawa zai ɗauka. Ranar nan na'urar cirar kuɗinsu ta ƙi aiki, maigida ya yi ta yawo a titi da rana yana neman mai POS.

Eh, sai da aka yi mini na biyu. Bayan na farko na fara da kunu, na koma fate, na kai ga tuwon shinkafa da miyar taushe, a raina kuma na gama warkewa. Da na koma bayan 'yan makonni likita bai tsaya ga bakina ba. Ya sa aka yi hoton bariyom mai lokaci: a sha ruwan a tsaye, a ɗauki hoto a minti 1, da minti 2, da minti 5, a auna tsawon abin da ya rage a bututun da santimita. Nawa ya ragu, amma da saura mai yawa a minti na 5. Ya ce mai akalashiya ya saba da wahala har ɗan sauƙi kaɗan yakan ji shi kamar waraka, kuma waɗanda bakinsu ke cewa sun warke alhali hoto na nuna ruwa a tsaye, su ne suka fi saurin dawowa. Aka sa rana aka hura na milimita 35. Bayansa abin da ya rage a minti na 5 bai kai santimita 5 ba, makin Eckardt ya sauko 1. Akwai wata alamar kuma da ake dubawa bayan aiki, idan matsin ƙofar ya faɗi ƙasa da 10 a ma'aunin manometiri ana sa ran sauƙin zai daɗe. Amma wannan na nufin wata tafiyar Abuja, sai ya ce hoton ya isa. Na gode masa da bai sa ni kashe kuɗin da ba dole ba.

Ba warkewa ba ce, kada wani ya ruɗe. Jijiyoyin da suka lalace ba sa dawowa, bututuna har yanzu ba ya matsowa, nauyin abinci ne ke kai shi ƙasa ta ƙofar da aka buɗe. Ina cin komai, har tsire da masa, amma a zaune tsaf, ina taunawa sosai, ruwa a kusa. Gurasa busasshiya da ƙanzo sukan tuna mini cewa ciwon yana nan. Kuma ƙofar da aka sassauta takan bar ruwan ciki ya hauro, don haka yanzu nakan yi ƙwannafi jefi-jefi, abin da ban sani ba a da. Abin dariya, maganin olsar nan da na sha shekaru a banza yanzu ne yake mini amfani. Mun ɗaga kan gado da bulo. Da azumi na koyi kada in kwanta bayan sahur, sai in zauna da Alƙur'ani har a yi asuba gari ya waye.

Ga wanda balan-balan bai dace da shi ba akwai wasu hanyoyi, likitan kuma ya zayyana su tun ranar farko. Akwai tiyatar Heller, wadda wani likitan Jamus, Ernst Heller, ya fara a 1913, yanzu ana yin ta ta ƙananan huji a ciki, a yanka tsokar, galibi a haɗa da ɗan naɗi da zai rage ƙwannafi. Akwai sabuwa da ake kira POEM, wadda Haruhiro Inoue ya fara a Japan a 2008, ita ta baki ake bi da kyamara a yanka tsokar daga ciki, kuma ana iya tsawaita yankan zuwa sama, shi ya sa ta fi dacewa da nau'i na 3. A wani bincike na 2019 ta yi wa balan-balan fintinkau, kashi 92 da kashi 54 bayan shekara 2, sai dai a can duk wanda ya buƙaci ƙarin hurawa bayan na milimita 30 da 35 an lissafa shi cikin waɗanda aikin bai yi wa ba, kuma masu POEM sun fi samun ƙunar bututu daga ruwan ciki, kashi 41 da kashi 7. Asibitin nan ba sa yin ta. Allurar Botox, mai sa tsokar ta saki, tana aiki na 'yan watanni, an fi yi wa tsofaffin da ba za su jure sauran ba. Ƙwayoyi irin su nifedipine amfaninsu kaɗan ne. 'Yata ta ce mini tun a 1674 wani likitan Ingila, Thomas Willis, ya haɗa wa majinyacinsa sanda ta ƙashin kifin whale da soso a bakinta yana tura abinci da ita. Na ce to mu gode wa Allah da muka zo a zamanin allurar barci.

Abin da ya rage shi ne bibiya, a nan ma asibitin da gyara. Likita ya ce in riƙa zuwa lokaci-lokaci ko da ina jin lafiya, domin ciwon yakan dawo a hankali mutum bai lura ba, kuma wanda ya daɗe da akalashiya haɗarin kansar bututu ya ɗan fi yawa a kansa. Idan makin ya haura 3 ana iya sake hurawa, akwai na milimita 40 da ba a taɓa ba tukuna. Amma babu wanda zai kira ka daga asibitin ya tuna maka. Da na koma dubawa ta baya-bayan nan an nemi tsofaffin hotunana a kwamfutarsu an rasa, alhali amfanin sabon hoto shi ne a ɗora shi kusa da tsoho a ga ko ruwan ya ƙara tsayi. Allah Ya sa maigida mai adana takarda ne, duk suna cikin ambulan a gida, sai da ya hau Keke Napep ya koma Tudun Wada ya ɗauko. Duk wanda zai je, ya karɓi kwafin kowane hoto da takardar manometirinsa a hannu, ya kuma rubuta girman balan-balan da aka hura masa da ranar da aka yi.